Datse Ruwa

Shekara guda yaron yana ɓoye shi.
Ni na ɗauka ƙiwuya ce
da ya daina bi na a keke zuwa Jirataua,
da yakan tsaya bakin fangali ya dafe ƙugu
ya ce rana ce.
Kawunsa Jadi ya faɗa wa, ba ni ba.
Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa,
ta ina zai kawo mini zancen cikin wando?

A babban asibitin Maradi
likita ya juya bayan takardar magani ya yi zane.
Ya ce jijiyoyin da ke mai da jini sama sun saki,
sun cure a hagu kamar tana cikin jaka,
ɗan marainan wajen ya fara tsayawa da girma.
Za mu ɗaure su, in ji shi.

Na ce, likita, shekara ashirin ina datse ruwa.
In ka toshe masa nan, can yake ɓullowa.
Ya ajiye biro, ya dube ni.
Ya ce haka ne, malam, kuma ba zan rufe ka ba.

Kusa da waɗanda za mu ɗaure
akwai wasu hanyoyi sirara, ido bai cika ganinsu ba.
In zare ya haɗa da su, ruwa ya taru, gwaiwa ke nan,
wata rana sai an sake buɗewa.
Akwai kuma guda mai kawo jini.
In ta taɓu, abin da muke son ceto yana iya ƙanƙancewa,
ko da yake ba kasafai ba.
Kumburin yakan dawo ma wasu.
Miki yakan yi ruwa.
Maganin barci ma da nasa.

Na ce, in mun bari fa?
Ya ce wasu akan bar su, ana aunawa,
su girma su haifi goma.
Naka yana ciwo, hagu kuma ta kasa dama.
Gobe ba ni da ita a aljihu.

Yaron yana zaune, shekara goma sha huɗu,
yana ƙirga tayil da babban yatsan ƙafa,
ana cinikin jikokina a kansa.

Na sayar da albasa buhu shida tun ba ta yi kuɗi ba.
Uwarsa Sahiya ta kwance jikka takwas daga bakin zane.
Wannan duk mai sauƙi ne.
Tawadar da na dangwala wa yatsa
ita ta fi buhun nauyi.

Ranar Talata suka tura shi ciki.
Na zauna gindin bedi tare da masu jinya.
Wata mata ta miƙo mini fura, na karɓa, ban sha ba.
Masu kabu-kabu suna gardamar canji a bakin ƙofa.
Carbina ya zaga, ban san sau nawa ba,
ina ta ganin zare a hannun wani mutum,
da hanyoyin nan sirara.

Da aka fito da shi leɓensa ya bushe,
ido a rufe, kai yana lilo.
Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba:
Nafi'u.
A gaban uwarsa, a gaban Jadi.
Ya buɗe ido ɗaya, kamar bai gane mai kiran ba.

An sallame mu da takarda:
ku dawo bayan mako, ku dawo bayan wata shida,
in kun ga kumburi ko zazzaɓi kada ku jira.
Yau wata biyu.
Ban iya tambayarsa, shi ma ba ya faɗa.
Tafiyarsa nake karantawa daga nesa,
yadda yake zama, yadda yake tashi daga tabarma.

Da asuba a lambu
nakan tsaya da fartanya a bakin datsi,
in daɗe ina duban ƙasa
kafin in sara.