Taka, Riƙe, Saki

Mun bar Aliero gari na wayewa,
buhu sha bakwai na albasa a bayan Fijo,
ni a sitiyari, Arzika a gefe yana kallon taga.
Wata huɗu rabon da ya ce mini kanzil,
tun ranar da aka yi wa motar Baba kuɗi
aka ce rabi nawa, rabi nasa.
Wa ya taɓa raba mota biyu ta yi tafiya?

Dab da Jega na taka kuloci,
ƙafata ta zarce kamar na taka ruɓaɓɓiyar kabewa.
Feda ta kwanta, ta ƙi tashi.
Giya ta yi gurnani, haƙori na cin haƙori,
na lallaɓa muka gangara gindin wata bedi.

Na buɗe bonet. Kofin mai ya ƙafe,
sai baƙin guntu a gindi kamar shayin jiya.
Mai ba shi da ƙafa.
In ya tafi, ƙofa aka buɗe masa.

Na ɗage shimfiɗar ƙafa, na shafa bayan feda:
a bushe. To, kulocin sama bai ci amana ba.
Na bi bututu da yatsa, taƙi bayan taƙi,
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafar yaro,
har na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi.
Ga shi nan.
Kulocin ƙasa ne ke hawaye,
robarsa ta tsage, ta yi laushin ganda da ta kwana a wuta.

Gwangwanin madarar Baba na nan ƙarƙashin kujera:
notuna, basilla, guntun waya,
da roba guda sabuwa naɗe a takarda,
ya rubuta da ajami: ta ƙasa.
Ya san za ta mutu.
Riga ta kawai ya yi.

Na sa, na ɗaure, na cika kofi da man birki.
Na taka: luɓus.
Iska ta shiga bututu,
ita kuwa ba ta fita da mutum ɗaya,
sai wani ya taka a sama, wani ya kwance a ƙasa.
Na dubi titi gabas da yamma,
babu kowa sai jaki da mai jaki, sun yi nisa.

Na koma ƙarƙashi da sifana.
Na daɗe ina karanta tsatsa.
Sannan na ce wa cikin motar, ba shi ba:
"Taka."

Shiru.
Sai na ji kujera ta yi ƙara.

"Taka. Ƙara. Riƙe."
"Na riƙe."
Muryar ta fito kamar ƙyauren da ya shekara a rufe.
Na kwance noti: fus! Kumfa da tofi a goshina.
Na ɗaure. "Saki."

A karo na shida ya ce, "Dakata,
kofin ya yi ƙasa, kar ta sake shaƙar iska."
Na ji ƙarar murfi, na ji yana tsiyayawa.
"Wa ya koya maka?"
"Baba. Shekarun da kake Kwatano."
Ban amsa ba. Akwai sifana a bakina.

A na tara mai ya fito siriri, garau, babu kumfa.
"Ta yi tauri," in ji shi. "Tana turo ƙafata."

Mun isa kasuwa rana ta take,
manyan motoci sun riga sun cika,
dillali ya taya kamar mai zagi, muka sallama.
Arzika ya miƙo mini tsumma:
"Goge, man nan yana cin fata."

A komowa shi ya ja.
Yana sakin kuloci da garaje, sak Baba,
motar na zabura kamar akuya ta ji sanda.
Na yi shiru har muka wuce bedin nan,
inda ƙasa ta yi baƙi faɗin faifai,
sannan na ce, "A hankali."
Ya ce, "Na ji."
Bai rage ba.