Cokali a Layi na Goma Sha Tara

Ƙarfe shida muke shiga, kafin rana ta fusata.
Efrain ya kafa turaku, ya ja igiya,
ya yanka dajin layi-layi kamar mai rabon gado.
Nawa na goma sha tara:
faɗinsa taku biyu, tsawonsa sai inda ƙaya ta ce tsaya.

Sunana Nilda. A tsibirin nan na Biyekes aka yanke mini cibiya,
zamanin da jiragen soja ke koyon saiti da tuddanmu.
Da rawar kwanuka a kan kanta muka san ranakun mako.
Malamarmu takan tsaya da alli a hannu
har tagogi su gama karkarwa,
sannan ta ƙarasa jimlar da ta fara.

Sun tafi. Shukarsu ce ba ta tafi ba.
Iri ne da ba ya tsiro, ba ya ruɓewa,
yana kwance ƙarƙashin ciyawa
yana jiran kofaton doki,
ko yaron da ya biyo ƙaguwa ya manta da allon gargaɗi.

Ina shara ba tsintsiya.
Na'ura a hannu, dama, hagu, dama,
kunnena ya karɓi aikin ido.
In ta yi kuka sai in durƙusa,
irin durƙuson da ko a coci ban taɓa yi ba,
in bi ƙasa ta gefe, a hankali,
kamar mai cire sartse daga tafin jinjiri.

Sau ɗari ƙusa ce, ko ɓallin ƙarfe,
ko gwangwanin waken da wani soja ya ci ya yar.
Sau ɗaya kuwa, ga shi nan,
hanci a ƙasa, tsatsa ta ɗinka masa riga,
tururuwa sun yi titi a gadon bayansa.
Shekara arba'in yana riƙe da numfashi.
Jar tuta. Ja da baya. Kira a rediyo.
Ranar Alhamis a tashe shi,
gari ya ji dum!
tsofaffi su ajiye kofi a tebur,
na ɗan lokaci su koma yara.

Shekaranjiya ta yi kuka a gindin wani mangwaro
da ba wanda ya san mai shi.
Na durƙusa. Gumi na ɗiga daga haɓata.
Na tona, na tona,
sai ga baki mai lanƙwasa, sai ga wuya siriri.

Cokali ne.

Kakata Eulalia, har ta rasu,
in ta wanke cokulanta sai ta ƙirga: biyar.
Ta ce shida ne ranar da aka ce su kwashe,
ranar da suka ɗora gida a kan amalanke,
suka bar mangwaro da 'ya'ya ɗanyu,
suka bar kaza a kan ƙwai.

Ban ce nata ba ne.
Mangwaro nawa ne a tsibirin nan? Cokali nawa?
Doka ta ce kowane ƙarfe bokiti zai shiga,
a auna, a rubuta, a tafi da shi.
Efrain ya ɗaga murya daga layinsa: "Me kika samu?"
Na ce, "Tarkace."
Na soke shi cikin safa.
Ya yini yana gugar idon sawuna.

Na'ura ba ta san bambanci ba.
Kukan da take yi wa bam, shi take yi wa cokali,
ni ce mai durƙusawa in tambayi ƙasa wanne ne.

Da dare 'yata ta ce, "Yaushe za mu yi wanka a gaɓar can?"
Wasu sun ce shekara goma. Wasu sun yi dariya.
Na goge tsatsar da toka da lemun tsami,
ramukan da ƙasa ta ci ba su ciko ba.
Na juya mata madara da shi.
Na ce, "Sha. Gobe ina layi na ashirin."