Bangon Arewa, Łódź

Sun ɗauke ni in ƙwaƙule tsohon kwaɓi,
in cusa sabo tsakanin bulo da bulo.
Yau kwana arba'in ina rataye a bangon arewa,
ni da cokalin gini da tantabaru.

Hawa huɗu ne siton.
Daga tushe kaurinsa ya kai kamu biyu,
yana sirancewa in ya yi sama;
wanda ya zana shi ya san nauyi a ƙafa yake kwana.
Kowace taga da bakan gizonta a ka,
jan bulo goma sha bakwai sun jingina da juna,
na tsakiya ya riƙe sauran.
Bai fi su ƙarfi ba,
shi aka saka a ƙarshe, shi ke nan.

Ta gefen layin dogo akwai ƙofofi huɗu, wata bisa wata,
suna buɗewa ga iska, babu matakala.
Can ƙoli ƙugiya ce, tsatsa ta cinye rabinta.
Da ita ake jan dilolin auduga daga tarago,
audugar da ta tsallako teku,
ta zo garin da ko angurya ba ta tsira a cikinsa.

Kakata Czesława ta yi shekara talatin da ɗaya a bakin sikeli.
Jiniyar asuba ta fitar da ita, ta magariba ta mai do ta,
kanta fari tun ba ta yi furfura ba.
Takan ce: auduga ba ta da nauyi, Zenon,
sai an tara ta.
Daga nan tari ya karɓe zancen.

A hawa na biyu, bayan wani ginshiƙin ƙarfe,
an karce sunaye da ƙusa:
Hersz. Gottlieb. Wacław.
Ban san ko sun taɓa raba burodi ba,
ban san wa ya rufe ƙofa ranar da aka zo neman wani.
Bangon bai ce komai ba.
Amma taga ɗaya an toshe ta da wani bulo, fatsi-fatsi,
layin ya karkace, kwaɓin duk yashi.
Na san aikin magini in hannunsa na rawa.

An kulle wurin shekarar da na yi aure.
Masaƙu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.
Dusar ƙanƙara ta samu hanya ta rufi,
wata bishiya ta tsiro cikin indararo,
har ta fi ni tsawo.

Yanzu gidajen haya za a yi.
Injiniya, Malwina, yarinya ce mai kirki,
tana zagayawa da alli,
tana sa alama a duk bulon da ya ruɓe.
Ta ce a wanke kunkunniyar shekara ɗari da ashirin,
masu saye ja suke so.

Jiya na zaro ɗaya daga cikin masu alamar.
Na juya shi, sai ga sawun babban yatsa a gefensa,
ya lotsa tun yumɓu na ɗanye,
wuta ta gasa shi tare da bulon.
Na ɗora nawa a kai.
Bai shiga ba.
Na gwada ƙaramin yatsana, da kyar.

Shekara nawa? Takwas? Tara?
Bulo nawa ya ɗauka ranar kafin a ba shi miya?

Na daɗe zaune a kan katako,
taram yana wucewa ƙasa da ƙararrawarsa.
Sannan na goge allin da hannun riga,
na shafa kwaɓi mai laushi,
na mai da bulon gurbinsa.
Layi na sittin da biyu daga ƙasa,
na huɗu daga kusurwa.

Ban gaya wa Malwina ba.
In ta tambaya zan ce yana da sauran ƙarfi.