Rabin Cokali

Shekara arba'in Baba Vakhtang na gyaran agogo a Kutaisi,
yau maɓallin riga ya gagare shi.
Gonar inabi ta tafi,
har randunan da kaka ya binne.

Da jirgi ya girgiza sai ya yi dariya:
yau kowa na kyarma tare da ni.

Bangkok, hawa na tara.
Likita ta ɗaga 'yar kwalba, kamar ruwan shinkafa,
ƙwayoyin halitta da ba su zaɓi abin zama ba tukuna.
Tabbas fa? Ta ce babu.
Allura ta shiga gadon baya.

Da safe ya ɗauki cokalin romo,
rabi ya zube.
Jiya fa, Tsisana?
Ban lura ba jiya.
Na ce: ya fi haka.