Kwalba da Derika

Kwana huɗu Goggo Ladingo ba ta zaga ba.
Tun da aka yi mata aikin ido a Idi-Araba
cikinta ya ɗaure kamar bakin buhun gero.
Tana zaune a tabarma, ido ɗaya rufe da auduga,
ɗayan kuwa ni yake harara.

Bisola, nas ɗin da ke saman benenmu a Agege,
ta rubuta mini suna a bayan katin waya:
ruwan furun.
Wai ɗan itacen ƙasar sanyi ne,
a shanya shi ya yamushe kamar dabino,
a jiƙa, a tace, a ɗura.
Sai da na taka har Ikeja na same shi,
baƙar kwalba, ba ta kai kamu ɗaya ba,
kuɗinta ɗinkin riga biyu da wando.

Na biya Mayil Tuwal don jan wake,
wanda Allah ya yanka da siffar ƙoda.
Sidi Ɗan Illela ya cika derika har ta yi tozo,
ya ƙara gyara,
ya dubi abin da na maƙale a hammata:
"Wannan fa, maganin tari ne?"

A goslo ɗin Ojota, danfo ya kashe inji,
zufa na bin bayana,
na ɗora su a cinya ina yi musu shari'a.

Kwalba ta zo da takardunta a goshi.
Sukari, ba laifi, ya ma so ya yi yawa.
Fotasiyam, akwai.
Abin ƙarin jini, ɗan kaɗan.
Abin gina tsoka kuwa
kamar kuɗin cefane ranar ashirin da tara ga wata.
Aikinta ɗaya, in ji Bisola, kuma ta iya shi:
ta jawo ruwa cikin hanji, ta buɗe ƙofar da ta cije.

Wake bai zo da ko tambari ba,
sai tsakuwa biyu da ɗan ƙaiƙayi.
Amma shi ke ɗora nama a kan ƙashi,
ya share hanji sannu, shara irin ta tsohuwa,
lungu-lungu.
Ya riƙe ɗan dako daga hantsi har la'asar,
yana sakin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan
kamar mai biyan bashi da mutunci.
Laifinsa ba ɓoyayye ba ne:
sai ya kwana a ruwa,
sai ya sha tafasa har gas ya yi kuka,
in ka gaggauta shi ya murɗe maka ciki,
kuma ba ya rufa wa kowa asiri a sahun salla.

Kwandasta ya daki mota, muka motsa,
ban yanke hukunci ba.

Da dare Goggo ta kurɓi rabin kofi,
ta yatsina fuska, ta tauna bakinta:
"Tsamiya ce wannan ta yi boko."
Ta shanye dai.
Matata ta jiƙa wake a kwano, ta kife faranti.

Kafin kiran assalatu na ji ƙarar buta,
na ji silifa yana sauri a tsakar gida,
saurin da ban san Goggo da shi ba.
Na ja mayafi, na yi kamar barci.

Da hantsi ta zauna ta miƙe ƙafa,
ta cinye wake da manja da albasa,
ta suɗe yatsu, ta nemi ƙari.
Kwalba na bakin taga, saura kashi biyu cikin uku,
ƙuda ɗaya na karanta takardarta.

"Nawa ka saye ta?"
Na faɗi rabin kuɗin.
Ta yi salati, ta dafa kai.
"In ta ƙare kar a yar, zan zuba man kaɗanya.
Waken kuma a awo mini derika goma
in tafi da shi Gumel."

Na ce, Goggo, daga can wajen ake kawo wake Ikko.
Ta ce, "Ba jan ba."
Na koma kan keke, riga biyu da wando na jira na.