Kwanon Sabor

Kwana huɗu ke nan kwanon na nan inda na ajiye shi.
Ƙuda ya ci, kaza ta tsattsaga,
har kyanwar Deolinda ta tsallako katanga ta lashe gefe.
Mai kwanon kuwa ya ɗora haɓa a kan ƙafafu
yana kallon ƙofa.

Sabor na raɗa masa,
sunan kogin da ke gangarowa ta tsaunukan Montesinho.
A bakinmu kalmar na nufin ɗanɗano.
Yau sunan ya zame mini ba'a.

Shekara goma sha huɗu.
Wuyan nan da ya sha ɗamarar ƙusoshi saboda kyarkeci,
yanzu fata ce ke reto.
Ina shafa shi ina ƙirga haƙarƙari ba da niyya ba,
yadda yatsu ke sake ƙirga kuɗin da suka san bai kai ba.

Ran Talata likitar dabbobi ta zo daga Bragança,
Dakta Graciete, takalmin roba duk taɓo.
Ta ɗaga leɓensa, ta danna ciki, ta saurari ƙirji,
ta bar maganin dasashi a kan taga.
Ta ce, "Hancin ya tsufa, Albano.
Abin da bai ji ƙamshinsa ba, ba zai ci ba.
Ɗumama masa. Kaɗan-kaɗan. Ban da dole."

Na yanka kazar da ta daina ƙwai,
na dafa ba gishiri ba albasa,
na bar shinkafa a romon har ta yi luguf.
Na fasa gwangwanin kifi na ɗiga man a kai.
Na durƙusa, gwiwoyina na kuka,
na miƙa masa a tafin hannu.
Ya sansana. Ya lashi yatsana sau ɗaya,
don kara, ba don yunwa ba,
ya kau da kai.

Ermelinda ce ta iya lallashi.
Ita kuma shekararta uku kwance a bayan coci.

Sai goshin asuba, wuta ta koma toka,
abin ya faɗo mini.
Tun yana kwikwiyo bai taɓa sa baki a kwano ba
sai tunkiyar ƙarshe ta shiga, na ja sakata.
Tumakin kuwa na sayar watan jiya.
Mota ta zo ta kwashe saba'in da biyu,
na karɓi kuɗi, na shafa kansa,
ban yi masa bayani ba.
Ashe jira yake a tashi daga aiki.

Da yamma na shimfiɗa tsohon bargo a baro.
Na ɗauke shi. Kaico, ba nauyi.
Kwano a hammata, romo a fulas,
na tura shi kan duwatsun hanya
har garken Deolinda,
mai tumaki tara da wani rago gurgu.
Ta dube mu, ta haɗiye dariya,
ta matsa mana wuri.

Ƙararrawa ta fara daga tudu.
Kunne ɗaya ya miƙe.
Idon nan mai yana ya bi su ɗaya bayan ɗaya,
gurgun can baya yana ɗingishi yana tsinkar ciyawa.
Sabor ya yi haushi, guda tak, murya a dishe.
Gurgun ya ɗaga ƙafa.
Sakata ta ce ƙaras.

Na tsiyaya romon, tururi ya tashi.
Loma uku. Ya huta.
Ta huɗu.
Ya bar fiye da rabi.

Ban ce ya warke ba, likita ma ba ta ce ba.
Ƙanƙara ta riga ta yi wa tsauni hula,
kuma na san lissafin shekarun kare.
Amma na sa wa ƙafar baro mai.

Da muka dawo na tarar da nawa kwanon
a rufe tun rana, ya yi sanyi.
Na ja kujera kusa da shi,
na ci.