Askin Kuranga

A Marwa, bayan gidanmu na Domayo,
akwai kurangar inabin da Baba ya dasa.
Sanda guda ya zo da ita daga Faya,
naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ƙarƙashin kujerar tirela,
kwana tara suna raba ruwan buta ɗaya.

Bana ce shekarar farko da babu shi.

Da sanyi ya kankama ganye ya zube kaf.
Abin da ya rage a kan rumfa
igiya ce toka-toka, murɗaɗɗiya,
ɓawonta na saɓulewa zare-zare
kamar bakin tsohon zane.
Na ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa,
ta amsa mini da muryar busasshen kara.
Na ce, shi ke nan, ta bi mai ita.
Uwani ta ce, to sare mana ita,
itacen dala ɗari yanzu ko wake ba ya dafawa.

Har na wasa adda.

Bappa Hamajoda ne ya leƙo ta kan katanga,
da Hausarsa mai ƙanshin Fillanci:
Kai, yaro, dakata.
Ya zagayo yana jan ƙafarsa mai ciwo,
ya sa farcen babban yatsa
ya kankare ɓawo daidai ƙwayar masakuwa.
Can ƙasa kore ne shar, da danshinsa.
Barci take, in ji shi.
Ubanka yakan hana ta ruwa wata guda,
sannan ya yi mata aski.

Muka yi mata askin, ni da almakashi, shi da baki.
Bar ido biyu. A'a, can sama. Karkata hannu.

Kashegari kowane yanka na zubar da ruwa,
ɗigo, ɗigo, garai-garai.
Na tara da yatsa na lasa.
Ba gishiri, ba zaƙi,
ɗanɗanon sabuwar randa kawai.
Tururuwa sun riga ni sani, sun yi layi.

Daga nan kullum kafin in fita shago sai na tsaya.
Toka ta fara komawa ruwan shayi,
musamman a gaɓoɓi, inda itacen ya ɗan kumbura.
Reshen da jiya zai ce ƙaras
yau na lanƙwasa shi, ya bi hannuna, ya koma.
Ran Talata ido ɗaya ya tsage,
wata 'yar auduga ta leƙo, ruwan ƙasa-ƙasa,
wadda ko mai awo ba zai ɗora a sikeli ba.
Ran Juma'a bakinta ya yi ja-ja
kamar farcen jinjiri.
Sai ganye, a dunƙule, da gashi a bayansa,
bai kai kunnen ɓera ba
amma jijiyoyinsa sun cika, babu wadda aka manta.

Abin da ya ɗaure mini kai:
wannan taushin da yatsa biyu za su tsinke
daga cikin wancan taurin ya fito,
wanda na wasa wa adda.

Reshe ɗaya dai bai farka ba, na wajen murhu.
Na kankare shi har wuri uku, ciki da waje launi ɗaya.
Shi na ba Uwani.
Ko shayi bai tafasa ba.

Jiya na ga inda Baba ya ɗaure gindin da turke,
da tsumman shuɗiyar rigarsa ta tuƙi.
Itacen ya yi ƙiba, ƙullin ya nutse cikin ɓawo,
ya yi masa zobe, yana neman shaƙe shi.
Na daɗe tsaye.
Ƙullinsa ne, irin wanda yake wa tamfol,
sau biyu, da ɗan hanci a gefe.
Sai da na haɗa da haƙori ya kwance.

Na sake ɗaurewa da tsumman nan dai,
na bar wurin da yatsa zai shiga.